Gona, Burtali da Doka: Tarihin Tsarin Ƙasar Noma a Kudancin Nijar

Wanda ya saba zama a zauren fada, a Katsinar Maraɗi ko Gobir, a Damagaram ko Adar, ya san cewa ƙararraki uku ne ba sa yankewa a gaban sarki: iyakar gona, gadon gona, da ɓarnar dabbobi a gona. Sarakuna sun shuɗe, gwamnatoci sun sauya, amma waɗannan uku suna nan. Abin da ya canza cikin shekaru ɗari shi ne yawan masu neman ƙasar, da kuma dokokin da ake yanke hukunci da su. Tarihin sarauta a wannan yanki ba ya cika sai an haɗa shi da tarihin waɗannan dokoki, domin kowace daga cikinsu ta taɓa ikon sarki, ta kuma taɓa rumbun talaka.

Kafin zuwan Nasara

A ƙarni na 19 ƙasa tana da yalwa, mutane ne ƙalilan. Yaƙe-yaƙen da suka biyo bayan jihadi sun sa jama'a sun taru a cikin birane masu ganuwa, irin su Maraɗi da Tsibiri da Zinder, suna noma a kewayen gari gwargwadon inda mutum zai iya gudowa idan an buga ƙararrawar yaƙi. Daji kuwa na maharba ne da makiyaya da namun dawa.

Al'ada ta tsara mallakar ƙasa tun a lokacin. Wanda ya fara sa gatari ya sassabe daji da izinin mai gari, gonar ta zama tasa da ta zuriyarsa. Mai gida yana riƙe da gandu, wanda dukan iyali suke yi wa aiki, yana kuma yanka wa mata da samari gamana, inda suke noma abin kansu a ranakun da ba na gandu ba. Gonar da ta gaji a kan bar ta saura, shekaru da dama, ba tare da mai ita ya rasa ta ba. Baƙo idan ya zo a kan ba shi aro, shi kuma bayan girbi ya kai wa mai gona dami, ba don darajar hatsin ba, sai don shaida cewa ƙasar ba tasa ba ce. Mai aro ba ya dasa itace, ba ya gina rijiya, domin waɗannan biyu alamun mallaka ne. Akwai kuma jingina, inda gona take zama a hannun mai bin bashi har a biya shi.

Tsakanin manomi da makiyayi akwai ciniki na amfanin juna. Bayan an kwashe amfanin gona, Bafillace yakan sauka da shanunsa su ci karmami su bar taki, a sallame shi da hatsi. Burtali da mashaya kowa ya san su, ba a shuka su. Itatuwa ma suna da kariya: har yau a Damagaram ana ba da labarin tsananin hukuncin da Sarki Tanimu, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1884, ya ɗora wa mai saran gawo. Manomin da ya tara dami dubu kuwa yakan yi bikin dubu, a kira shi sarkin noma.

Zamanin Nasara

Sojojin Faransa sun shiga Zinder a 1899. A 1922 Nijar ta zama ƙasar mallaka mai gwamnanta, kuma a 1926 aka mayar da babban birni daga Zinder zuwa Yamai. Nasara ya raba ƙasa kanto-kanto, ya ɗora wa sarakuna karɓar haraji da tara mutanen aikin tilas. Da yaƙi ya ƙare, jama'a suka fito daga cikin ganuwa suka bazu a daji. Kowane mai ƙarfin hali ya ɗauki iyalinsa, ya gina rijiya, ya kafa gari. Shi ya sa sunayen ƙauyuka da yawa a jihar Maraɗi suke farawa da Gidan wane ko Garin wane. Harajin kuɗi ya tura manoma ga gyaɗa, gyaɗa kuma ta buƙaci sabon sassabe. Cikin ƴan shekarun da suka biyo baya noma ya yi ta hawa arewa, yana cin dajin da a da makiyaya ne kaɗai suke shiga.

A 1935 Faransa ta fitar da dokoki biyu da suka shafi dukan ƙasashenta na Afirka ta Yamma. Ta watan Yuli ta kafa tsarin gandun daji, ta ba hukuma ikon keɓe wasu dazuzzuka da hana saran wasu itatuwa. Ta watan Nuwamba ta ce duk ƙasar da ba ta da mai ita, ko wadda aka bari fiye da shekara 10 ba a amfani da ita, ta gwamnati ce. A idon manomi babu ƙasar da ba ta da mai ita, domin saura gona ce da ke hutawa, kuma makiyaya tana da masu ita ko da ba a ga garma a cikinta ba. Sai a 1955 wata doka ta amince da haƙƙin al'ada a kan ƙasa. A wannan shekarar ce kuma aka keɓe dajin Gadabeji, mai faɗin hekta dubu 76, a arewacin Dakwaro. Shekara ɗaya kafin haka, a 1954, hukumar mulkin mallaka ta fara ja wa noma iyaka daga arewa, don ta ga gonaki suna shiga ƙasar kiwo.

Dokokin farkon mulkin kai

Gwamnatin Jori Hamani ta shigo da niyyar rage ikon sarakuna a kan ƙasa. A watan Mayu na 1960, tun kafin bikin mulkin kai na 3 ga Agusta, majalisa ta haramta karɓar zakkar gona da ushira da sarakuna da masu ƙasa suke yi. A watan Maris na 1962 wata doka ta soke fifikon da ake da shi a kan gonakin sarauta, wato filayen da sarki yake riƙe da su saboda rawaninsa, ta bar su ga masu noma su.

Dokar da ta fi kowace suna ita ce ta 26 ga Mayu, 1961, wadda ta tsayar da iyakar noma ta arewa. An ja layi daga yamma zuwa gabas, kusan daidai da inda ruwan damina yake kai milimita 350 a shekara. Kudu da layin ƙasar noma ce. Arewa da shi ƙasar kiwo ce: ba a buɗe sabuwar gonar damina, in ban da ɗan noman ci na makiyaya da lambunan dausayi, kuma wanda ya shuka a can ba shi da haƙƙin neman diyya idan dabba ta ci. A gundumar Dakwaro kwarin Tarka shi ne alamar da kowa ya sani.

Manufar dokar mai kyau ce, amma layin a takarda ya tsaya. Damunan shekarun 1950 da farkon 1960 sun yi albarka, sai manoma suka ga ƙasar arewa tana ba da hatsi, suka yi ta ƙetarawa. Bayan farin 1973 da na 1984, makiyayan da dabbobinsu suka ƙare su ma suka ɗauki hauya, wasu don su ci, wasu don su kafa shaidar cewa wurin nasu ne, tun da a lokacin gona ce kaɗai doka take gani a matsayin raya ƙasa. Sarakunan kanto na kudu da shugabannin rukunonin makiyaya suka shiga jayayya a kan wanda ke da ikon ba da wuri. Haka garuruwan manoma suka kafu nesa da layin, a Dakwaro da Tanut da arewacin Tawa.

Furucin 1974

Sojoji sun karɓi mulki a 15 ga Afrilu, 1974, ƙasa tana cikin yunwa. A jawabinsa na 18 ga Disamba na wannan shekara, Seyni Kunce ya bayyana cewa daga ranar, duk gonar da wani yake nomawa za ta ci gaba da zama a hannunsa, ko ta wace hanya ya same ta tun farko. Nufinsa ya kare talaka mai aro daga kora. Furucin bai zama rubutacciyar doka ba, amma ya ratsa kowane ƙauye, kuma sakamakonsa ya zo ta fuska biyu. Masu aro da yawa sun daina kai dami, suna ganin gona ta zama tasu. Masu ƙasa kuma suka tsorata da ba da aro: wasu suka karɓe gonakinsu, wasu suka riƙa sauya wa mai aro wuri kowace shekara don kada ya daɗe, wasu suka riƙa watsa iri a saura don kada a ce babu mai noma ta. Hutun ƙasa ya ragu, amana tsakanin maƙwabta ta yi rauni. Shari'o'i da dama da suka kai ga jikoki a wancan lokaci suka samo tushe, inda ɓangare ɗaya yake kafa hujja da gatarin kaka, ɗayan kuma da jawabin shugaban ƙasa.

Itace a cikin gona

Dokar gandun daji ta watan Maris na 1974 ta gaji ta Nasara. Ta jera itatuwan da ba a sara sai da izini, cikinsu har da gawo, kaɗanya, tsamiya, kuka, giginya da goriba, ko da a tsakiyar gonar mutum suke. Manomi ya fahimci cewa itace na gwamnati ne, kuma barinsa ya girma jawo wa kai tara ne. Don haka ya riƙa tumɓuke tsiro tun yana ƙarami. Dokar da aka yi don kare itace ita ta taimaka wajen share shi daga gonaki, iska ta sami hanya, rairayi ya riƙa binne shuka har a sake ta sau biyu ko uku.

A watan Mayu na 1984 aka yi babban taron ƙasa a Maraɗi kan yaƙi da hamada, inda aka yarda cewa sai an sa talakawa a gaba. A daidai lokacin wani ma'aikacin aikin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da abokan aikinsa suna nuna wa manoman Maraɗi cewa kututturan da ke cikin gonakinsu da rai suke: idan aka zaɓi ƴan rassa aka sassabe sauran, kalgo da sabara da gawo za su sake zama itatuwa. Manoma suka sa wa dabarar suna sassabin zamani. Da ma'aikatan gandun daji suka sassauta, mutane suka tabbata cewa wanda ya raini itace shi zai ci moriyarsa, sai aikin ya bazu daga gona zuwa gona ba tare da an biya kowa ba. Hotunan sama da aka gwada a shekarun 2000 sun nuna cewa kusan hekta miliyan 5 sun sake yin itatuwa, mafi yawa a jihohin Maraɗi da Damagaram, wajen itace miliyan 200. Sabuwar dokar gandun daji ta 2004 ta buɗe wa al'umma ƙofar kula da dazuzzuka, kuma a 2020 gwamnati ta fitar da doka ta musamman da ta tabbatar wa manomi haƙƙinsa a kan itacen da ya raina.

Kundin tsarin karkara

Tun 1986 aka kafa kwamitin da zai tattara dokokin ƙasa wuri ɗaya. Ana cikin aikin, a ƙarshen Oktoba na 1991, rikicin manoma da makiyaya a Toda, cikin yankin Gidan Rumji, ya ci rayuka fiye da 100, mafi yawansu mata da yaran Fulani. Wannan masifa ta girgiza ƙasa, ta nuna cewa maganar burtali maganar rai ce.

A ranar 2 ga Maris, 1993, aka sa hannu a dokar da ta kafa ginshiƙan kundin tsarin karkara, wanda aka fi sani da Kod Rural. Babban abin da ta zo da shi shi ne daidaita haƙƙin al'ada da haƙƙin takarda: gonar da mutum ya gada, wadda jama'a suka shaida, ko wadda sarki mai iko ya ba shi har abada, mallakarsa ce kamar wadda aka rubuta. Ta ɗora wa mai gona wajibin raya ta. Idan ya bar ta shekara 3 a jere ba da dalili ba, ana iya ba wani ya noma, amma mallakar ba ta fita daga hannunsa. Ta sa burtali da makiyaya da mashaya cikin dukiyar al'umma da ba mai mallake ta. Ta kuma wajabta cewa rikicin ƙasa ya fara zuwa gaban sarki don sulhu kafin ya kai ga alƙali. A watan nan na Maris aka fitar da dokar matsayin sarautar gargajiya, wadda ta 2015 ta maye gurbinta, kuma ta bar wa sarki ikon sulhu tare da wajibin rubuta takardar abin da aka cimma, ko an daidaita ko ba a daidaita ba.

Don aiwatar da kundin aka kafa hukumomin ƙasa da ake kira Kofo. An fara gwada su a 1994 a Mirya da Maine-Sorowa, daga baya suka bazu hawa uku: ta gunduma, ta ƙaramar hukuma, da ta gari ko ruga, wadda mai gari ko arɗo yake shugabanta. A cikinsu ana zama da ma'aikatan gwamnati, sarakuna, da wakilan manoma, makiyaya, mata da matasa. Su ne suke ba da takardun shaidar gado, saye, kyauta, aro, haya da jingina, su ne kuma suke bin burtali suna kafa masa turakun siminti.

Shi ma wannan kundi ya zo da nasa zafi. Da labari ya bazu cewa za a rubuta gonaki, kowa ya yi gaggawar tabbatar da tasa kafin alƙalami ya sauka, tsofaffin ƙararraki suka farfaɗo. Hukumomi da yawa sun dogara da tallafin waje, idan ya ƙare aiki ya tsaya. Duk da haka, inda aka kafa turaku da yardar ɓangarorin biyu, shuka a cikin burtali ta ragu, kuma takardar sayen gona ta zama abin da talaka yake nema da kansa.

A 1997 doka ta ba makiyaya fifikon amfani da wuraren da suka saba zama, ba tare da hana wasu shiga ba. Dokar kiwo ta 20 ga Mayu, 2010, ta ƙara gaba: ta ce yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, ta sake tabbatar da iyakar 1961, ta hana kowa killace ƙasar kiwo don kansa. Ta kuma tsara sakin gonaki: kowace shekara hukuma, bayan shawara da sarakuna da wakilan ɓangarorin, tana tsayar da ranar da dabbobi za su shiga gonakin damina, kuma bayan wannan rana babu diyyar ɓarna. Wannan rana ita ce mafi nauyi a kalandar karkara. Idan aka gaggauta ta, wake da dawa suna fili. Idan aka jinkirta, ruwan tafkunan arewa ya ƙafe, garke ya sauko ko an so ko ba a so. Kundin ya tanadi kowace jiha ta yi taswirar da za ta fayyace wurin noma, wurin kiwo da wurin daji. Jihar Doso ce ta fara samun tata a 2018. A 2021 gwamnati ta amince da manufar ƙasa kan filayen karkara.

Birni da ƙaruwar jama'a

Doka tana tsara ƙasa, amma ba ta ƙara mata faɗi. Ƙidayar 1977 ta sami mutum miliyan 5.1 a Nijar, ta 1988 miliyan 7.2, ta 2001 miliyan 11, ta 2012 miliyan 17.1. A wannan ƙidaya ta ƙarshe jihohin Damagaram, Maraɗi da Tawa kowace ta haura miliyan 3. A kudancin Maraɗi saura ta kusa zama labari. Gandun da kaka ya noma shi kaɗai yanzu jikoki da yawa suke rabawa, kuma wanda rabonsa bai ciyar da shi yakan jinginar ko ya sayar wa ɗan kasuwa ko ma'aikaci, ya koma ɗan ƙwadago a gonar ubansa. Mata ne suka fara ji a jika, domin idan ƙasa ta yi ƙaranci gamanar mace ake fara janyewa. Wannan ya sa mata da yawa suka koma neman rabonsu na gado kamar yadda shari'ar Musulunci ta tanada, abin da a da sukan bar wa ƴan'uwansu maza.

Daga ɗaya gefen kuma birni yana cin gona. Maraɗi, wadda ambaliyar 1945 ta tayar daga kwarin gulbi zuwa tudu, ta bazu a kan gonakin ƙauyukan da ke kewaye da ita, haka ma Zinder da Tawa. Yankan fuloti ya zama hanyar samun kuɗin ƙananan hukumomi, har a farkon shekarun 2000 gwamnati ta biya ma'aikata bashin albashi da filaye. Dokar karɓar ƙasa don amfanin jama'a ta 1961, wadda aka gyara a 2008, ta wajabta biyan diyya ta adalci kafin a karɓa, amma manomin da aka ba ƴan fuloti a madadin gonarsa yakan sayar ya ci, shekara ta zagayo ba shi da inda zai shuka. A Yamai, zoben itatuwan da aka fara dasawa a 1965 don kare birnin daga iska, gine-gine sun cinye babban ɓangarensa.

Abin da ya rage a hannun sarki

Dokar 1962 ta karɓe gonakin sarauta, furucin 1974 ya raunana hujjar gado, kundin 1993 kuma ya dawo da sarki tsakiyar al'amari, amma da sharaɗin rubutu da shaidu. Tarihin ya nuna cewa dokar da ta saɓa wa abin da manomi da makiyayi suka sani ta kan haifar da akasin nufinta, kamar yadda ta faru da gawo da aro, wadda kuwa ta ba su tabbaci ta kan yi aiki ko babu jandarma a kusa. Layin 1961 yana nan a cikin doka, gonaki kuma suna nan arewa da shi, kuma warware wannan ƙulli yana jiran masu mulki da sarakuna.

Amanar da ke wuyan mai rawani a bayyane take: kada ya ba mutum biyu gona ɗaya, kada ya sa hannu a sayar da burtali ko mashaya, ya tabbatar marainiya da gwauruwa sun sami rabonsu, ya adana littafin sulhu domin wanda zai gaje shi. Dattawan da suka san wace tsamiya ce iyaka tsakanin gidaje biyu suna ƙarewa, kuma abin da ba a rubuta ba yana tafiya tare da su. Allah ya ba sarakuna ikon riƙe wannan amana, ya ba da damina mai albarka, ya zaunar da manomi da makiyayi lafiya.